Sulken Ƙwaurin Malam Zakariyya'u

Malam Zakariyya'u maƙerin bokiti ne a Makera. Rumfata ta gyaran takalma tana jingine da tasa.

Duk shekara, in Ista ta gabato, 'yan wata coci a unguwar Romi kan yi wasan gicciye Yesu a kan titi, da sojojin Roma a ciki. Shi yake ƙera wa sojojin sulken ƙwauri, ni kuma in ɗinka maɗaurin fata. A hoton wata kalanda ya fara ganin abin. Ba ya awo da tef. Sai mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, ya shafa ƙwaurin da tafin hannu, ya bubbuga alminiyam a jikin turmi, ya gwada, ya sake bubbugawa.

Samson, wani ma'aikacin masaƙa, shi ne shugaban sojojin.

"Baba, ka dai bar mini gashin ƙafata!"

"Sojan Roma da tsoron guduma? Miƙo nan, raggo."

Shekarar da ta biyo bayan komawar mulki hannun farar hula aka yi rikicin addinin nan. Musulmin unguwarmu da dama suka haye kogi. Malam Zakariyya'u ya ƙi. Da azumin Kirista ya yi nisa sai ya fiddo sulkunan bara, ya gyara na gyarawa, ya ƙera sababbi da ka, ya goge su da toka. In babur ya tsaya sai ya ɗaga kai. Ba wanda ya zo.

Ranar Laraba ta makon Ista ya zuba su a buhu.

"Ko kunya suke ji. Tashi ka raka ni."

A ƙofar cocin samari suka tare mu, don buhun yana ƙara. Suka zazzage shi a ƙasa. Sai ga Grace, matar Samson, ta fito da tsintsiya a hannu.

"Ku ƙyale shi, Baba ne."

Ta durƙusa tana tsince su. Malam ya tambaye ta ina Samson. Ta ce ranar rikicin, a hanyar dawowa daga aiki aka tare shi, aka kashe shi. Malam ya yi salati a hankali, ya zauna a bakin kwata.

"To wa zai ja sojojin?"

"Baba, bana ba sojoji. A cikin coci za a karanta labarin kawai. Ba mai iya tsayawa ya ga ana dukan mutum a titi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ta ajiye na mijinta. Ta ce ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da su ba, ya yi haƙuri.

Muka dawo a ƙafa. Ya rungume buhun a ƙirji don kada ya yi ƙara. Kafin damina ta kankama ya bi ɗansa Auwal zuwa hayin kogi. Can ya rasu.