Bamalli Mai Garaya da Waƙoƙin da Suka Ƙone a Madalla

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Bamalli Tanimu a shekarar 1938 a unguwar Wambai, cikin garin Abuja na da, wanda ake kira Suleja a yau. Mahaifinsa Tanimu maƙeri ne, mahaifiyarsa Asibi kuwa 'yar ƙabilar Gbagyi ce, kuma a bakinta ya fara jin waƙoƙin noma da na daka.

Karatu da Koyon Kiɗa

Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1952, mahaifinsa ya so ya gaje shi a maƙera, amma shi ya bi maharba ya koyi garaya, al'amarin da ya sa mahaifin bai sake yi masa magana ba har ya rasu a 1958. Daga bisani ya ƙware a goge da kalangu, ya koyi sarewa a wurin makiyaya, jita kuma a wurin wani tela mai suna Oladipo.

Aure da Sana'a

A 1963 ya auri Maiturare, 'yar Salisu mahauci. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, amininsa Chukwuka mai gyaran rediyo ya dawo gari, suka kafa ƙungiya wadda ta haɗa garaya da jita, suna waƙa da Hausa da Gbagyi da Nufanci. Shekara shida suna cika gidajen biki daga Minna har Kaduna, kuma Bamalli ne ke tsara waƙoƙin duka.

Aikin Ƙauyuka da Hatsari

A 1976, da labari ya bazu cewa za a tashi wasu ƙauyuka domin gina sabon birnin tarayya, Bamalli ya ajiye kiɗan biki, ya shiga bin ƙauyukan dangin mahaifiyarsa shi da Chukwuka, suna ɗaukar muryoyin tsofaffi a rikoda. An ruwaito cewa da matarsa ta yi ƙorafin yawan tafiyarsa, ya ce mata: "Maiturare, mutanen nan idan suka watse, wa zai tara su su sake rerawa?"

A watan Yulin 1977, suna dawowa da kaset ɗin da ke ɗauke da waƙoƙi saba'in da ɗaya, motar da suka shiga ta kife a Madalla ta kama wuta. Chukwuka ya rasu nan take, kaset ɗin suka ƙone ƙurmus, shi kuwa Bamalli aka yanke masa hannun dama daga gwiwa.

Ƙarshen Rayuwa

Bai sake kaɗa komai ba. Ya koma wasu ƙauyukan a 1978, ya tarar da yawancin tsofaffin sun rasu ko sun bi 'ya'yansu wasu garuruwa, waɗanda suka rage kuma suka ƙi rerawa ba bisa lokacin al'ada ba. Sai ya zauna a gida yana tuno waƙoƙin, babbar 'yarsa Sakinatu tana rubutawa, yana buga ƙafa a ƙasa a madadin kiɗa. Goma sha tara kawai ya iya kammalawa kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, 14 ga Nuwamba, 1979, yana da shekara arba'in da ɗaya, aka yi masa sutura a maƙabartar garin bayan sallar Azahar. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: Sakinatu, Lukuman, Asama'u da Rabi'u. Littafin da Sakinatu ta rubuta yana nan a hannun zuriyarsa, sai dai kalmomi ne kawai a ciki, babu wanda ya san karin da ake rera su da shi. Allah ya jiƙansa.