Littattafan Baba Masu Rigar Atamfa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, wanda mutanen Kakuri suka fi sani da Baba Mai Littafi. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan wannan wata ya zagayo nakan yi masa sadaka in kama bakina. Bana kam sai na yi magana, domin akwai laifin da na yi masa bayan ransa, kuma sai a 'yan makonnin nan na gane girmansa.

Baba makaniken injin saƙa ne, a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma ban taɓa ganin mayen karatu irinsa ba. Ranar albashi ba ya shigowa gidanmu na Makera sai da sabon littafi a aljihun rigar aiki, na Hausa ko na Turanci, wani lokaci ma tsoho ne da bangonsa ya fita. Mama takan dube shi ta ce, "Malam, mu dai ba takarda za mu dafa ba." Shi kuwa sai ya yi dariya ya nemi allura da zare.

Allurar nan tana da dalili. Akwai wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye rawaya da inji ya buga a karkace, aka raba wa ma'aikata. Mama ta so ta yi zane da ita, Baba ya ce ai matarsa ba za ta ɗaura karkataccen ganye ba, ya ɓoye abarsa. Da ita yake ɗinka wa kowane littafi riga. Saboda haka ko daga nesa ka hango littafi mai shuɗiyar riga a hannun wani a tasha, ka san daga ina ya fito.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu son karatu shi ne ba ya ba da aro. Yakan ce, "Ni ba aro nake bayarwa ba, aike nake yi." Idan ya gama littafi sai ya zauna ya yi ta tunanin wanda ya dace da shi, kamar mai zaɓa wa mara lafiya magani. Sai ya rubuta sunan mutumin da fensir a shafin ƙarshe, ya hau kekensa ya kai masa har inda yake, ya gaya masa dalilin da ya sa ya zaɓe shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ka gama kada ka dawo masa da shi. Ka rubuta sunan wani a ƙarƙashin naka, ka kai masa da ƙafarka, kai ma ka faɗi dalilinka.

Na tuna lokacin da mijin Hajiya Ladi ya rasu, wata mai sayar da abinci a bakin ƙofar masaƙa. Bayan ta fita takaba kowa nasiha yake mata, Baba kuwa littafin ban dariya ya kai mata, ya ce ta sha kuka ya isa haka. Da aka rufe masaƙa kuma, magidanta suka koma zaman gindin bishiya ba aiki, littattafan nan ne suka riƙa zagayawa tsakaninsu. Ba su ciyar da kowa ba, gaskiya, amma na san mutanen da suka hana su zaucewa. Babban amininsa a wannan harka shi ne Oga Emeka, makaniken mota a Kakuri. Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya, amma karanta ta Baba ne ya koya masa, a kan benci, tsakanin tsofaffin tayoyi.

To, ni Rabi malamar makaranta ce, kuma halina kowa ya sani: ina son kaya a inda aka ajiye su. Bayan sadakar arba'in na shiga ɗakin Baba na ga kanta wayam, littattafai bakwai kacal. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce wato mutane sun ga mai sauƙin kai sun wawashe masa dukiya, yanzu mu 'ya'yansa ba mu da abin tunawa da shi. Mama ta ce in bari, ban ji ba. Na shiga Keke Napep na bi gida gida, Kakuri, Tudun Wada, Sabon Tasha, har Unguwar Boro, duk inda aka ce an ga shuɗiyar riga sai na je. Mutane suka riƙa miƙo min cikin kunya, kamar waɗanda aka kama da kayan sata. Hajiya Ladi, da wani littafin daban ya sake zagayowa hannunta, ta ce, "'Yata, saura min shafi kaɗan." Na ce ta yi haƙuri, na karɓe. Wallahi har yau idan na tuna yadda ta sake shi a hankali sai in ji kunya ta rufe ni.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Oga Emeka ya fito daga ƙarƙashin mota, ya goge hannu, ya saurare ni har na gama. Wanda ke wurinsa ɗan siririn littafin Hausa ne, labarin wani direban babbar mota da damina ta tsare shi a ƙauyen da bai san yarensu ba. Ya ce, "Rabi, wannan ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Na riga na rubuta sunan Musa mai faci. Ko 'yan sanda za ki kira, Musa zan kai wa." Na juya ko sallama ban yi masa ba, kuma na ɗauki shekaru ina sauya hanya don kada in bi ta garejinsa. Sauran da na tara, sun fi sittin, na jera su a akwatin ƙarfe, na zuba kafur, na sa kwaɗo, na tura ƙarƙashin gado. A ganina na ceci gadon Baba.

Ina da 'ya, Zainab, shekararta uku lokacin da kakanta ya rasu. Ta taso ba ta ƙaunar littafi ko kaɗan, ita dai waya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sayo mata sababbi masu hotuna, duk a banza. Abin yana ci min rai, a ce jikar Baba Mai Littafi, 'yar malama kuma, sai an tsaya a kanta take buɗe shafi. Akwatin kuwa ban taɓa buɗe mata ba, ina tsoron ta yaga min su.

Mako uku da suka wuce ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki. Na kira ta ta zo ta wanke shinkafa, shiru. Na sake kira, shiru. Na tashi da niyyar ƙwace wayar nan in kulle, sai na tarar da ita kwance tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, wayar tana gefe a kife. A hannunta wani ɗan littafi ne, rigarsa ta koɗe ta koma kalar toka, an yi mata faci da wani ƙyalle ja. Amma ganyen nan na karkace yana nan. Na zauna a bakin gado na karɓi littafin.

Na juya shafin ƙarshe. A can sama rubutun Baba ne da fensir: Emeka. Ƙarƙashinsa Musa mai faci. Daga nan sunaye suka cika shafin, wani ya liƙa takardar da ya yago daga littafin makaranta, ita ma ta cika, aka liƙa wata. Ga Hauwa tela, ga Blessing ta Unguwar Boro, ga Malam Sani ladan, ga Sunday direba, da biro shuɗi da ja da fensir. Na ƙarshe ƙawarta Grace ce ta rubuta sunan Zainab. Na tambaye ta me Grace ta ce da ta ba ta. Ta ce, "Cewa ta yi tunda na ce duk littattafai gundura ne, in gwada wannan in gani. Mama, ashe akwai masu daɗi haka?" Ba ta san na kakanta ne ba, Grace ma ba ta sani ba. Sharaɗin dai ya iso da shi cif, har da faɗin dalili.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Kakuri ta yau, masaƙu shiru, ciyawa ta cinye harabarsu, kowa a cikin Keke kansa a sunkuye kan waya. Na san ba zai zagi wayar ba, shi da ba ya raina abin da ake karantawa. Zai leƙa ya ce, "Me kake karantawa? Da daɗi?" Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a tura wa mutum ɗari abu ɗaya a lokaci guda. Shi mutum ɗaya yake zaɓa, ya taka ya same shi.

Washegarin ranar da na ga littafin a hannun Zainab na buɗe akwatin. Laima ta shiga, wasu sun manne sun zama kamar bulo, ba sa buɗuwa. Wanda na bari a hannun mutane ya sha wuya amma yana raye, waɗanda na killace su ne suka mutu. Na shanya masu sauran rai a rana. A cikinsu na ga na Hajiya Ladi, da tsinken tsintsiya a shafin da ta tsaya. Ta rasu shekaru takwas da suka wuce ba ta san ƙarshen labarin ba. Na yi kuka, sannan na rubuta sunan 'yarta na kai mata Tudun Wada, na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru.

Na kuma je wurin Oga Emeka. Ya tsufa, 'ya'yansa ke riƙe da garejin, shi yana zaune a kan bencin nan. Na durƙusa na gaishe shi na ba shi haƙuri, sannan na nuna masa littafin da na aro a wurin Zainab. Ya sa tabarau ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ƙarshe. Can ya ce, "Kai, Isiyaku! Littafin nan ya fi motocin da na gyara yawo." Muka yi dariya, dukanmu da ƙwalla a ido.

Baba bai bar gida na biyu ba, bai bar fili ba, kekensa ma ya ruɓe. Abin da ya bari ɗabi'a ce, kuma ta rayu a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, duk da ƙoƙarin da 'yarsa ta yi na kulle ta. Don haka mai karatu, idan littafi mai shuɗiyar riga ya faɗo hannunka, don Allah kada ka neme ni da shi. Ka karanta, ka miƙa gaba. Na akwatin ma sun fara fita, ɗaya bayan ɗaya.

Shekaranjiya Zainab ta gama nata ta ce in ba ta fensir. Na fara lissafo mata 'yan uwa da maƙwabta, ta ce a'a, wanda ya karanta shi ke zaɓa. Ta juya min baya ta yi rubutu, sannan ta miƙo min da hannu biyu. A ƙarƙashin sunanta ta rubuta: Mama.

Na ce, "To mene ne dalilinki?"

Ta ce, "Kullum kina cewa in yi karatu, ni kuwa ban taɓa ganinki kina dariya da littafi ba. Amma fa in kin gama, kada ki sa shi a akwati."