Rigar Tsarin da Sidora Ta Ɗinka wa Ɗanta

A ƙauyenmu na lardin Kabite, can a tsibiran gabas mai nisa, inda ake girmama mace da Aling, namiji da Mang, in ka ambaci Aling Sidora sai tsofaffi su ce, "Af, mai ɗinki, uwar Ƙadangare." Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda tilo, Tibo. Da allura ta rene shi, yau rigar biki, gobe likkafani, har ya zama saurayi mai kafaɗa kamar ɓaunar noma.

Shekarar da aka tayar wa Kastila, Sifaniyawan nan da suka zaune mana a ka tun kaka da kakanni, sai sana'arta ta sauya. Su da bindiga, samarinmu da adda, don haka kowa ya koma neman rigar tsari. Sidora ke ɗinka farar rigar, Mang Ambo mai kaɗa ƙararrawar coci ya zana addu'o'i a ƙirjin rigar, aka ce harsashi ba ya ratsa ta.

To amma ita ake mayar wa rigunan ta yi faci. Takan zura yatsa a hujin harsashin, sau da yawa a tsakiyar addu'ar yake.

"Mang Ambo, wannan fa?"

"Doka ya karya. Ko ya waiwaya, ko ya yi ashar."

Ba ta musa ba. Ta ga yadda yaro mai rawar gwiwa ke miƙewa da zarar ya saka rigar, ta ce a ranta ko wannan ma wani abu ne.

Wata safiya tana zuba wa Tibo shinkafa da busasshen kifi, ya ce, "Inna, ki auna ni. Jibi za mu tafi ni da Doming."

Doming ɗan maƙwabciyarta ne, Aling Pasing, tasa rigar tuni tana jikinsa. Sidora ta san halin ɗanta. In ta hana shi, zai tafi haka nan. In ta ba shi, zai buɗe ƙirji ya nufi bakin bindiga yana dariya.

Ta ɗinka, aka zana. Ranar tafiya ta ja shi bayan bishiyar kwakwa.

"Taka tana da doka ta daban. Ƙarfinta daga ƙasa yake. Ka ji harbi, ƙirjinka ya taɓa ƙasa. Ka miƙe tsaye, ta zama tsumma."

"Haba Inna, ina namiji in riƙa jan ciki?"

"Da jan ciki ka fara, ban ga ya rage ka da komai ba. Kuma ka faɗa wa wani, ta lalace."

Wannan na ƙarshen ta ƙara ne don kada magana ta kai kunnen Mang Ambo.

Tibo ya bi doka. A ramukan yaƙi, wasu na tsalle suna kirari, shi yana manne da laka, nan ya samo sunan Ƙadangare. Da aka sauke tutar Kastila ya dawo da ƙafarsa, gaban rigar ya cinye kamar ɓera ya kwana a kai. Doming bai dawo ba.

Abokai suka dame shi da tsiya a dandali. "Ƙadangare, Kastila nawa ka kashe, ko duk tururuwa ce?" Da suka ishe shi sai ya fasa ƙwai, ya ce, "Dokar rigata ce, ku tambayi innata."

Kafin la'asar Pasing na ƙofar Sidora. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya Sidora, ta Doming ma hannunki ne ya ɗinka. Shi me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

Sidora ta dubi allurar da ke hannunta. Me za ta ce? Cewa dabarar ba ta zo mata ba sai da abin ya zo kan nata? Pasing ta juya ta koma gida.

Da Amurkawa suka maye gurbin Kastila, aka sake ɗaukar adda, Sidora ta ce idonta ya yi rauni, ba ta ƙara ɗinka rigar tsari ba. Ta rayu har ta goyi 'ya'yan Tibo. Duk kifin da ya shigo gidan sai ta raba biyu ta ba Tibo ya kai maƙwabta, duk damina shi ke gyara wa Pasing jinka. Pasing takan karɓi kifin, ta sa wa Tibo albarka. Ita da Sidora kuwa, sun tsufa katanga ɗaya, ba ta sake amsa gaisuwar Sidora ba.