Demiyanus da Akun da Ya Yi Masa Kutse

Shekara talatin da ɗaya Demiyanus ya yi yana buga gungumen shela, wato itacen da aka fafe yana amo kamar ganga, a ƙauyensu da ke tsibiran Aru. Idan jirgin 'yan kasuwa ya iso, shi ne yake ɗaukar sanda ya doki gungumen, jama'a su kwaso busasshen kifi da kwakwa su nufi gaɓa. Bai taɓa kuskure ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Wata safiya aka ji bugu, aka yi tururuwa zuwa gaɓa, ba jirgi ba alamarsa. Da abin ya kai sau uku, mai gari ya kira shi.

"Baba Demi, tsufa ne, ko gwada ƙafafunmu kake yi?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa sandar ba!"

"To, gungumen ne yake buga kansa?"

Da bugun ya sake tashi, Demiyanus ya bi sautin har cikin kurmi. Can saman wata matacciyar bishiya mai kogo ya hango ƙaton baƙin aku, tukkunsa a miƙe, kumatunsa jajur. Ya riƙe guntun reshe da ƙafar hagu yana dukan kogon, macensa tana gefe tana saurare.

"Kai, marar kunya! Neman aurenka zai raba ni da aikina?"

Ya koma ya jawo mai gari don ya gani da idonsa. Suka tarar da tsuntsun yana fasa ƙwallon itace cikin natsuwa, kamar bai taɓa ganin sanda ba. Sauro ya ci su har azahar. Mai gari ya karɓe sandar, ya kulle ta a akwatinsa.

"Maigida, ci tuwonka," in ji matarsa Yosina, tana tura masa kwanon sago, tuwon garin da suke samu daga kututturen wata bishiya mai kama da giginya. "Saurayi ba ya haƙura da wuri. Kai ma wata bakwai ka yi kana damun gidanmu."

Washegari bugu ya tashi. Wanda ya riga kowa isa gaɓa, da buhun kwakwa a kafaɗa, mai gari ne, makullin akwatin yana lilo a wuyansa. Ya daɗe yana kallon teku.

Da hantsi ya kawo sandar da kansa. Demiyanus ya karɓa, ya juya ta, ya duba ko ta tsage, sannan ya tambaye shi ko buhun ya yi nauyi.