Motar da Ta Ƙi Cin Kwana a Shagon Madam Ladi

Akwai wata ranar Alhamis a 1999 da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ni ke tsaron shagon gem, wato wasan bidiyo, na Madam Ladi a unguwar Tunga: in kunna wa mutum na'ura, in miƙa masa hannun gem, in lura da lokacinsa.

An kawo mana sabon faifan tseren mota, rubutunsa duk na Japan. Motar da kowa ke so, da ta zo kwana sai ta ƙi karya kai. Kana murɗawa, tana miƙewa har ta daki katanga. 'Yan acaɓa da ɗalibai suka fara komawa wani shago a Barkin Sale. Madam ta ce abokaina ne na bari suka lalata hannun.

"In Asabar ta zo bai gyaru ba, ka ajiye min makulli," in ji ta. Ga matata da tsohon ciki. Gaskiya na tsorata.

Maƙwabcinmu Baba Ndagi, mutumin Bida, gyaran ƙafar mota yake yi, kuma kullum yana yi mana tsiya wai muna tuƙi babu lasin. Ranar Alhamis ɗin ya leƙo ya same ni na zabga tagumi. Ya ce in ja motar ya gani. Na ja, na daki katanga.

"Sake." Na sake dakawa.

"Ɗana, ba hannu ba ne. Tayar gaba ce ba ta kama ƙasa, gaban ya yi tauri. Ina garejinsu?"

Na buɗe shafin saiti, inda ake gyara motar a cikin gem ɗin. Babu mai iya karantawa a cikinmu, sai hoton sifirin ɗin ƙafar mota da layuka. Ya ja benci ya zauna. In motsa layi ɗaya, in zaga fili, shi kuma ya zuba wa hancin motar ido. Wani mai tasi da ya kawo masa gyara ya aiko kiransa, ya ce a jira. Mai tasi ya gaji ya tafi. A haka muka sassauta sifirin ɗin gaba, muka ƙara wa na baya tauri. Ya kuma hana ni taka birki a tsakiyar kwana. Kafin la'asar motar ta shige kwanar sumul. Na yi ihu har mai shayi ya leƙo.

Da Madam ta zo, shi ya tare ta. "Ladi, yaronki bai ɓata komai ba." Ta gwada da kanta, ta bar min makullina.

Na bi shi ina godiya, na ce ya yi asarar kwastoma saboda motar da ko taɓa ta ba a yi. Ya ce, "Ni ma an taɓa korata a Bida kan motar da ba ni na ɓata ba. Ba wanda ya zo ya duba."

Daga baya da na zama mai kula da yaran shago, duk wanda aka kawo min ƙararsa, sai na zauna na ja motar da kaina kafin in ce uffan. Allah ya jiƙan Baba Ndagi.