Kalilu da Masu Jiran Kwano Ya Faɗi

Asabar. Aikin farko: wanke kular abinci da mai gadi ya aiko mini daga masaukin Kalilu a Bukit Jalil. Na wanke. Tuwon yana ciki yadda na zuba shi, ya bushe.

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 27 ga Yulin 2021, mako guda bayan Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Kalilu Abdulwahidu Haɗejiya a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan korona ta kama shi. Bai cika shekara talatin ba. Ni Hureira, matar Malam Lawal na Taman Melati, ba uwarsa ba ce, ba yayarsa ba, mai dafa masa tuwo ce kawai. Na saba rubuta abin da na yi kowace rana don kaina, ban saba rubuta wa jama'a ba, kuma ban tabbata ni ce ta dace da wannan ba. Na jira wani ya yi, ba wanda ya yi.

Kalilu, a wani shagon yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman na fara ganin ka. Ka ji ina mita da Hausa, sai ka zagayo ka durƙusa a tsakiyar shago kana "Anti, ina wuni", masu shago suna kallon ka kamar wanda ya yar da wani abu. Daga ranar ka zama ɗan gida. Da aka sa dokar kulle, kai ka shirya mini yadda ɗalibai za su riƙa odar tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, ta waya, mai babur ya kai musu. Kai kaɗai nake zuba wa a kula, saura a roba, domin kai kaɗai ne ba ka taɓa mayar da kwano wayam ba. Wani lokaci dabino, wani lokaci sabulu. Ran nan albasa biyu na tarar, da saƙo a waya cewa in yi haƙuri, kedai, wato shagon da ke ƙasan gidanku, a rufe yake.

Karatun haɗa wasan kwamfuta ka zo yi, kuma kai da abokinka Haidar kuka haɗa naku. Zan bayyana shi yadda na fahimta, in na yi kuskure Haidar ya gyara. A cikin wasan, an aike ka da kwanon abinci gidan maƙwabta. Ka bi lungu, kada ka zubar. Duk babban da ka tarar sai ka tsaya ka gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi mutan gida ka amsa, sannan ya ba ka hanya. Babu bindiga, babu tsere, ba wanda ke mutuwa. Muryoyin matan duk nawa ne. Ka sa na shiga cikin durowar kaya da waya, wai tufafi na shanye ƙara, kana daga waje kana cewa, "Anti, sake. Wannan 'ina gajiya' ta matar lakcara ce, ni ta tsohuwa mai ciwon gwiwa nake so." Daga ƙarshe ka ce saura ɗaya: abin da tsohuwa za ta ce in kwano ya faɗi. Na ce "Wayyo!" sau ɗaya, ka ce ya isa, muka yi ta dariya.

A farkon bana wasan ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa don wata lambar yabo ta ƙananan wasanni. Ka kira ni. Ka ce alƙalai sun yaba, amma wani kaso na makin yana hannun 'yan kallo, wato mutanen da ke zama suna kallon wani yana buga wasa kai tsaye ta intanet, suna rubuta abin da suka ga dama a gefen allo. Ka ce ka lura da abu guda game da wasannin da ake zaɓa: ranar da aka faɗi sunayensu kowa zai leƙo, washegari rabi sun koma wajen harbe-harbensu, bayan mako sai mai wasa da inuwarsa. "Alƙali yana zama ya ƙarasa, Anti. Ɗan kallo kuwa yatsansa na kan ƙofa."

Haka aka yi. Manyan masu bugawa suka gwada naka, gaisuwa ta biyu jama'arsu ta fara watsewa. Sai wani ya saki kwanon da gangan, tsohuwa ta ce wayyo, gefen allo ya cika da dariya. Shi ke nan. Ba a ƙara kai kwanon nan gidan kowa ba. A ɗauka, a taka uku, a saki. A je gaban tsoho, a saki a ƙafarsa. Na zauna a kicin ina jin muryata tana kururuwa a ɗakunan mutanen da ban sani ba. Na ce maka ka cire ta. Ka ce in ka cire, ba wanda zai saura.

Sai ka buɗe taka tashar, kullum da la'asar, kana buga shi yadda aka yi shi, kana bayyana wa baƙi dalilin da ya sa ba a wuce babba. Masu kallonka ba sa cika ashirin, kuma ni ce ɗaya.

Tarin ya fara kafin Sallah. Da farko kana kau da kai, daga baya ya fi ƙarfin ɓoyewa. Asibitoci sun cika, aka ce ka zauna a gida ka riƙa duba ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan iskar da ke jiki. Wani ɗan kallo ya gan shi a hannunka ya ce ka nuna wa kyamara. Ka nuna. Washegari mutane ɗari-ɗari, bayan kwana kaɗan dubbai. Sakandare kawai na yi, amma Turancina ya isa in karanta abin da suke rubutawa. Suna cacar lambar da abin zai nuna. In ta sauka, a yi tafi. In ka koma kan wasan, su ce ka bar kwanon nan ka ɗaga yatsa. Ba duka baƙi ba ne, akwai masu rubutu da Hausa. Na kira ka na ce ka kashe ka kwanta. Ka ce, kana hutawa tsakanin kalmomi, "Anti, tunda sun zo, wani zai tsaya ya ga wasan." Na duba, ban ga wanda ya tsaya ba. Ko akwai na rasa shi cikin yawan rubutun, Allah ne masani.

Ma'aikatan lafiya ne suka yi maka sutura cikin fararen kayansu. Ba a bar mu mun je ba. Wani daga cikinsu ya riƙe waya, mu kaɗan muka ga an sa ka a ƙasa, hoton yana yankewa.

Ranar sadakar uku mahaifiyarka, Hajiya Ɗelu, ta kira ni daga Haɗejiya. Yayanka Ubale ya nuna mata bidiyonka na ƙarshe. Ta tambayi mene ne ƙananan rubutun da ke gudu a gefe, ya ce mata addu'o'i ne. Ta ce mini, "'Yar nan, ashe bai yi jinya shi kaɗai ba. Ashe yana da jama'a haka. Don Allah ki je gabansu a madadina, ki yi musu godiya, ki ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Abin da suka ce ki gaya mini." Na ce to.

Na yi kwanaki ina juya abin. Malam ya ce in bari kawai, ba za ta sani ba. Amma saƙon uwa ne a kan mamaci, kuma na amsa. Jiya bayan Juma'a Haidar ya buɗe tasharka, ya haɗa ni daga kicin, ba fuska, murya kawai. Mutane sun taru fiye da kullum. Na yi sallama, na faɗi saƙon Hajiya kalma bayan kalma, Haidar yana mayarwa Turanci. Na roƙe su su yafe maka. Na jira.

Wani ya rubuta cewa ai wannan tsohuwar cikin wasan ce. Daga nan gefen allo ya cika da abu ɗaya, da Turanci, da Malayanci, da Hausa: in yi musu wayyo. Mutum biyu ko uku sun rubuta Allah ya jiƙansa, rubutun ya haye sama ya ɓace kafin in karanta sunayensu. Haidar ya kashe.

Kalilu, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ya yalwata kabarinka a wannan ƙasa da ba taka ba, ya sada ka da waɗanda za su amsa gaisuwarka. Ni dai ba ka taɓa ɓata mini ba, in ma akwai na yafe. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Ɗelu, da Ubale, da sauran dangi a Haɗejiya, da Haidar wanda ya rasa abokin aiki ya kuma ji abin da na ji. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Na gobe:
- Jiƙa wake, akwai odar alala.
- Tambayar Haidar ko ana iya cire muryar nan yanzu, ko sai an faɗi sakamako.
- Kular: a ajiye ta sama, ba za ta sake fita ba.
- Kiran Hajiya bayan azahar ɗinsu. Za ta tambaya me suka ce. Zan gaya mata cewa sun taru da yawa, kuma sun gane muryata. In ta ƙara tambaya, ban shirya amsa ba.