Kyautar da Ta Zo da Ƙwaro

Da sunan Allah nake buɗe wannan rubutu, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, nufina in ba da labarin wata baiwar Allah mai kula da ɗakin karatu a makarantar koyon aikin laburare, wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna Uwar Kanta, domin ba a cika ganinta ba sai a tsakanin kantocin littattafai. 'Yar maƙwabcina ce, marigayi mai gyaran agogo, kuma a gabansa ta koyi haƙurin duban ƙananan abubuwa. A wannan makaranta ta yi karatu, a nan aka riƙe ta aiki. Ta yi aure, ta haihu, mijinta ya rasu, duk tana kan kujera guda kusa da wata taga da ba ta rufuwa sai an danna ta da kafaɗa.

Malamin da ya karantar da ita shi ne ya kafa makarantar, kowa Baba Malam yake ce masa. Lokacin da rashin mijinta ya kwantar da ita ta daɗe ba ta fita, shi ya tsaya tsayin daka har aka bar mata gurbinta. Ba ta taɓa mantawa ba.

Da idanun Baba suka yi rauni, sai ya ba makarantar rabin littattafansa kyauta. Kwalayen suka iso ana gab da taron tsofaffin ɗalibai na waccan shekara. To, ƙa'idar wannan sana'a ita ce, littafin da ya zo daga waje ba a haɗa shi da na gida sai an killace shi a ɗaki dabam, an bincike shi ganye-ganye. Uwar Kanta ta faɗi haka. Shugaban makaranta, wanda shi ma ɗalibin Baba ne, ya yi dariya ya ce, "Littattafan Baba za ki killace kamar masu ƙyanda? Jera su, baƙi na tafe." Ta jera.

Bayan 'yan watanni ta fara ganin wani gari mai laushi a kan katako. Ta buɗe littafi, sai ga huji kamar na allura ya ratsa shi daga bango zuwa bango. Ɗan ƙwaron nan mai cin takarda ne, kuma daga kwalayen Baba ya fito. Kafin a shawo kansa ya haura kantocin da ke kusa, ya ci kundayen binciken ɗaliban farko, waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Abin da ba ya gyaruwa ta fitar da shi. Ta zo gidana tana tambayar hukuncin ganyayen da ke ɗauke da sunan Allah, muka binne su tare a wuri mai tsarki. Shugaba kuwa ya kafa doka cewa kada maganar ta kai kunnen Baba, domin zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ya sa aka cike gurabun da wasu littattafai masu kauri irin na da.

Shekara ta zagayo, aka sake kiran taro, kuma Baba Malam ne aka gayyata ya gabatar da lacca. Ni an kira ni in buɗe da addu'a, aka zaunar da ni kusa da shi. Zauren ya cika. Masu furfura suna tsokanar juna kamar jiya suka bar aji. Wani ya ce wa abokinsa, "Kai da ka faɗi jarrabawar jeren littafi, yau kai ne shugaban laburare? Allah ya jiƙan masu karatu!" Shi kuma ya ce, "Ai amsarka na kwafa, shi ya sa." Uwar Kanta tana can bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba.

Baba ya yi magana mai tsawo, ba takarda a hannunsa, a kan cewa ma'ajin littafi ɗan amana ne tsakanin matattu da waɗanda ba a haifa ba. Da ya zo ƙarshe sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ina da albishir. Ragowar littattafaina ma na ba ku. Gobe mota za ta kawo su."

Tafi ya kaure. Shugaba ya miƙe ya karɓi lasifika, ya yi alkawarin cewa ranar da suka iso ranar za su hau kanta, kusa da 'yan'uwansu. Na dubi Uwar Kanta, na ga ta dafa bango.

An tsara cewa ita za ta riƙe hannun Baba zuwa ɗakin karatu ya gaisa da kyautarsa ta farko. Muna fita shugaba ya matso kusa da ita, murmushi a fuskarsa saboda mai hoto, ya ce a hankali, "Yaya, ki rufa mana asiri. Idan wani abu ya same shi, ke ce."

"To na goben fa?"

"Gobe ta Allah ce."

"Ƙwaron ma na Allah ne, ranka ya daɗe, amma ba ya jiran gobe."

Muka bi dogon baranda, jama'a a bayanmu. Baba yana tafiya a hankali yana tsokanarta, wai hannunta ya yi sanyi kamar na mai shiga jarrabawa. A gaban kantar suka tsaya. Ya miƙa hannu zai shafa littattafan da ba nasa ba, mai hoto ya gyara tsayuwa.

Sai ta ce, "Baba, dakata. Ina da magana, kuma ba ta jama'a ba ce."

Shugaba ya ce, "Lokaci ya ƙure, abinci na jira."

Baba ya juya fuskarsa wajen muryar ya ce, "Kai, tun kana aji abinci ke jiranka. Ku ba mu wuri." Mutane suka ja baya suna dariya. Mu huɗu muka rage: Baba, ita, shugaba da ni.

Ba ta kewaya ba. Ta ce masa waɗannan ba littattafansa ba ne. Nasa da yawa sun lalace, an binne wasu. Ta ce ƙwaro ne.

"Ƙwaro a ɗakin da kike kula da shi, 'yar nan?"

"Ba a nan aka haife shi ba, Baba. A cikin kwalayenka ya zo."

Baba ya ce, "Ɗakina? Ɗakin da nake kwana a ƙofarsa?"

"Shi, Baba. Kuma da na killace su da bai yaɗu ba. Na san ƙa'ida, na bari aka rinjaye ni."

"Ya taɓa na makaranta?"

"Ya ci kundayen 'yan ajin farko."

Sai ya zare hannunsa daga nata. Ya laluba ya kama kafaɗata, na ji nauyinsa duka ya sauko mini, har na tsorata. Ya ce in kai shi mota. Bai ci abincin taro ba, bai yi sallama da kowa ba. Ina waiwayowa na ji shugaba yana ce mata ta saurari takarda daga ofis, kuma takardar gargaɗin ta zo daga baya, aka cire ta daga kwamitin taron tsofaffin ɗalibai.

Washegari mota ba ta je makaranta ba. Da hantsi 'yar Baba ta kira ni, ta ce yana nemana, kuma in taho da Uwar Kanta. Muka kama hanya ba mu san ko don me ya kira ta ba, ko kuma a wane hali za mu same shi.

Muka tarar da shi zaune a ƙasa a ɗakin littattafansa, kwalaye a buɗe kewaye da shi. Ya amsa gaisuwarta a taƙaice, babu tsokana. Ya ɗauki littafi ya shafa bangonsa, ya faɗi sunansa, ya miƙa mata.

"Wannan fa?"

Ta buɗe, ta karkata shi wajen haske. "Zai rayu, Baba, in an rufe shi a leda an sa a firiza, sanyi ya kashe ƙwaron."

"Wannan?"

"Ya tafi."

Haka suka yi ta yi, tsibi biyu suna tashi, na waɗanda suka tafi ya fi tsawo. Can ya ɗauko wani ƙaramin littafi mai bangon fata, ya riƙe shi a ƙirji. Ya ce malaminsa ne ya ba shi ranar da suka rabu, kuma wannan ba sai an buɗe ba.

Ta ce, "In ban buɗe ba, ba zai zauna kusa da kowa ba, Baba. Ko a can, ko a nan."

Ya daɗe yana riƙe da shi. Ni dai ina ta istigfari a zuciya. Sannan ya miƙa. Tana buɗewa gari ya zubo a kan rigarsa. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ambaci Allah, ya roƙe ni in binne wannan da hannuna. Sai ya laluba cikin kwalin ya ɗauko na gaba.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ga waɗanda muke jin nauyinsu, ya kuma ba mu ikon ɗaukarta idan mu aka faɗa wa.